Ɗan Birin Da Aka Ba Ni Amana

Shekarun baya, lokacin muna zaune a wani dogon bene a unguwar Concourse Village da ke Bronx, an taɓa ba ni wata amana da har yau ba ta fita raina ba. Abin da ya tono min ita, jiya wani daga cikinku ya turo min bidiyon wata 'yar dabba mai dara-daran idanu ana yi mata cakulkuli tana ɗaga hannuwa sama, ya haɗa min da alamar dariya har guda biyar. Ni ban yi dariyar ba, na kuma ce masa zan faɗi dalili a nan zauren namu na waya kowa ya ji.

Aikina na ainihi a asibiti yake, ni ne mai tura marasa lafiya a keke daga wannan sashe zuwa wancan. Amma duk wanda ya san ni a Bronx da Harlem, da wankin hula ya san ni. Sana'ar gidanmu ce a Kano. Na baro ta ina murna, ashe ita ma ta yanki tikiti ta biyo ni. Asabar da Lahadi ina cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da muka ware, ga gungumen katako jere, ga buroshi, ga robar da nake jiƙa ƙaro. Ƙaron ma daga gida ake aiko min shi, domin sitacin kantunan nan ba ya tsayar da hula yadda Bahaushe ke so.

Abokina ɗan Zango ne, mutumin Kumasi, direban tasi. Hawa biyu ne tsakaninmu. Iyalinsa duk suna gida, shi kaɗai yake zaune. Shi yana ce min Bakano, ni ina ce masa Ɗan Zango, kullum muna cikin tsiya a kan wa ya fi wani iya Hausa. Mutum ne mai kunya da kawaici, irin wanda zai kawo maka hula ɗaya wanki ya yi maka godiyar hula goma.

Wata ranar Laraba da la'asar sai ga shi ya yi sallama, ya rungumo wani abu lulluɓe da bargo. Fuskarsa kaɗai ta gaya min ba lafiya ba.

Ya ce, "Bakano, tsohuwa ba lafiya, an ce in zo maza. Gobe zan tashi. Ga wannan, amana na ba ka. Sati shida in Allah ya yarda."

Na ɗaga bargon. Keji ne, a ciki ga wani abu a dunƙule a kan sanda, ya cusa kai tsakanin gwiwoyinsa. Bai fi girman 'yar kyanwa ba. Da hasken falo ya dame shi sai ya ɗago a hankali, a hankali ƙwarai, ya dube ni da wasu idanu da suka kusa cinye fuskar gaba ɗaya. Yana da baƙin layi tun daga kai har gadon baya, ga 'yan yatsu irin na mutum sak, har da farce.

Na ce, "Subhanallahi! Ɗan Zango, wannan kuma wane irin mahaluki ne?"

Ya ce, "Biri ne. Ba shi da fitina, ba ya kuka, ba ya ɓarna. Ayaba kawai da ruwa. Amma don Allah kar ka bari kowa ya gan shi."

Wannan magana ta ƙarshe ita ya kamata ta tsayar da ni. Amma ku gaya min, mutum ya zo maka da labarin ciwon uwa, ido ya yi ja, ya ce amana, da wane bakin za ka fara yi masa tambayoyi? Na ce Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya tafi da kwanciyar hankali, ko gashi ɗaya ba zai faɗo daga jikin birin nan ba. Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Matata nas ce, kuma ba ta ajiye magana a ciki. Da ta dawo aiki ta tarar da keji a ɗakin huluna, sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, da huluna ne, yanzu kuma gidan zu muka buɗe? Saura kura." Na ce amana ce. Ta ce, "To, kowa ya ci ladan kuturu ai ya san sauran. Ni dai babu ruwana, kuma kar in gan shi a kicin ɗina."

Kwana uku na farko, wallahi na sha wahala, shi kuma ya fi ni sha. Ni a sanina biri ai biri ne. Na ba shi ayaba, ya kau da kai. Na sayo gyaɗa a kantin 'yan Afirka, ko kallonta bai yi ba. Na kawo dabino mai laushi, na kawo madara. Kar ku yi min dariya, har loma ɗaya ta tuwon shinkafa na taɓa miƙa masa, wai ko baƙunta ce ke damunsa. Kuma duk da tsakar rana nake wannan hidima. In na gan shi ya dunƙule yana barci sai in ce yunwa ce ta galabaitar da shi, in ɗaga labule, in kunna fitila, in ƙwanƙwasa keji ina cewa, "Tashi mana, malam, ka ci abinci." Ashe dabbar dare ce, ranar nan ita ce lokacin barcinsa. Rashin sani ya fi dare duhu, ni ina ganin ɗawainiya nake yi, shi kuwa azaba nake gana masa.

Ranar Asabar, gab da magariba, ina cikin sa wa huluna ƙaro, hannuna duk danƙo, sai na tuna ban canja masa ruwa ba. Na zura hannu cikin kejin haka nan ba tare da na wanke ba. Kawai sai na ji abu ya riƙe min yatsa. Riƙo fa na gaske, ba za ka ce wannan ɗan abin ne da irin wannan ƙarfi ba. Na ce shi ke nan cizo. Sai na ji ɗan harshe yana lasar yatsana. Ya lashe wannan tas, ya jawo na kusa da shi.

Na ƙwala wa matata kira. Ta zo da ludayi a hannu tana cewa lafiya? Na ce, "Yana ci! Ƙaro yake ci!" Na ɗebo jiƙaƙƙen ƙaron a murfin kwalba na ajiye masa. Ya sauko daga kan sandarsa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, sai ka ce tsoho a kan tsani, ya zauna ya lashe shi ƙaf. Ni kuwa ina tsugune ina washe baki kamar an yi min albishir da kujerar Makka.

Ita ba dariya take ba. Ta sunkuya tana kallon yadda yake cin, can ta ce, "Malam, riƙe min fitilar wayar nan. Wannan ba ya tauna, lasa kawai yake." Mai cewa babu ruwanta, sai ga ta ta sa safar hannu ta asibiti, ta ɗaga masa leɓe a hankali. Abin da muka gani ya kashe min murnar nan take. Haƙoransa na gaba duk an datse su, sai guntaye. Dasashin ya kumbura ya yi jawur, gefe ɗaya har da ruwan mugunya.

Ta ɗauki hotonsa ta shiga bincike a waya. Muna cin abincin dare tana karanto min, har tuwon ya huce a gabana. Turawa loris suke ce masa. Irin wannan mai layi a baya kuwa, a tsibirin Java na ƙasar Indunusiya kaɗai Allah ya ajiye su, babu su a ko'ina a duniya. Masu lura da halin da namun daji ke ciki sun sa shi a matakin ƙarshe, wanda daga shi sai a ce sun ƙare a daji. Dazukansu an sare an yi gonaki da gidaje, ragowar kuma ana kamo su ana sayar wa masu sha'awa. Abincinsu na asali danƙon itace ne da ƙwari da ruwan fure, shi ya sa ya gane ƙaro. Yana da dafi a cizonsa, saboda haka masu sayarwa ke datse haƙoran da abin yanke farce, ba allurar kashe zafi ba komai. Ɗaga hannuwan nan da yake yi a bidiyo kuwa ba daɗi yake ji ba, tsoro ne, ƙoƙarin kare kansa yake.

Ni kaina na sha tura irin wannan bidiyo a zauren 'yan unguwarmu na waya, da alamar dariyata da komai.

Sannan ta ajiye wayar ta ce, "Kuma haramun ne ajiye shi a garin nan. Bakin nan nasa ba aikin gida ba ne, sai likitan dabbobi. In ciwon ya shiga jini, tafiya zai yi."

To fa, gaba kura baya sayaki. Na san abokina yana tsakiyar neman zama ɗan ƙasa, takardunsa na hannun lauya, shekara da shekaru yana bin abin nan don ya samu ya kawo iyalinsa. Kuma ga shi a waje. A tunanina, in sunansa ya shiga bakin hukuma a kan dabbar da aka haramta, ƙila ma a filin jirgi za a mayar da shi. Na ce bari in kira shi da safe mu yi shawara, ai kayansa ne.

Da safen, kafin in kira, saƙo ya shigo. Tsohuwa ta rasu.

Na kira na yi masa ta'aziyya. Ina jin hayaniyar masu zaman makoki a bayansa, muryarsa ta dishe. Muka yi addu'a, ya amsa. Har za mu yi sallama sai ya ce, "Bakano, yaya amanata?"

Na ce, "Lafiya lau."

Wallahi ban san lokacin da ta fito ba. Ku kun san mu. Bahaushe yana kwance a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu, ka ce masa ya jiki, zai ce da sauƙi. Balle mutumin da ko kwana ɗaya bai yi da binne uwarsa ba, in ce masa birinka na mutuwa, kuma ka taka doka? Matata na tsaye a bakin ƙofa tana jina. Da na kashe wayar ta ce, "Lafiya lau, ko? Allah ya ƙara lafiya." Ta juya ta tafi aikinta.

Na yanke wa kaina cewa zan jira a yi sadakar bakwai kafin in ɗago maganar. Na ci gaba da ba shi ƙaro da magariba, na rufe tagar ɗakin da bargo, na daina shiga da rana, na kwashe hulunan mutane na koma da su banɗaki. Matata na wanke masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi, tana yi tana mita, tana kuma yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda take yi wa jariran asibitinsu. Kwana biyu kamar abin zai yi sauƙi. A na uku sai ya lashi ƙaron sau biyu ya bari, gefen fuskarsa ya kumbura har ido ɗaya ya ƙanƙance.

Ta ce, "Wannan ba zai kai bakwai ba. Ka kira shi yau."

Ranar aka yi sadakar uku. Na bari sai da na ƙiyasta jama'a sun watse, na kira. Na yi ta kewaye-kewaye, gaisuwa a kan gaisuwa, har shi da kansa ya ce, "Bakano, akwai magana a bakinka." Na faɗa masa komai, har da ƙaryar da na yi masa shekaranjiya. Na ce matata ta bincika, akwai gidan karɓar dabbobi na birni, an ce in mutum ya kai da kansa ba a kama shi.

Ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "An ce. Wa ya ce? In suka tambaye ka na wane ne fa? Kar ka kai shi ko'ina. Ka ba shi magani a gida, matarka ai nas ce. Sati uku ya rage in dawo, na rage kwanakin. Ni ban san an cire masa haƙori ba, wallahi haka na same shi. Amma amana na ba ka, Bakano. Amana."

Na ce to.

Wannan "to" ɗin ta fi "lafiya lau" nauyi, domin yanzu babu sauran rashin sani a tsakaninmu. Ya hana, na amsa. A gidanmu an tashe mu a kan cewa kayan amana ko wuta ce ta kama gida, shi ake fara fitarwa kafin naka. Mahaifina ya taɓa riƙe hular wani bafatake shekara huɗu a cikin akwati, duk shekara sai ya fito da ita ya kakkaɓe, har mai ita ya dawo. Ni ne zan zama na farko a zuriyarmu da zai ɗauki kayan mutum ya miƙa wa hukuma, mai kayan na zaman makokin uwarsa?

Kashegari bayan na dawo daga sallar asuba na leƙa ɗakin. Ba ya kan sandarsa. Yana ƙasan keji a kwance ta gefe, hannu ɗaya ya kama wayar kejin, numfashinsa sama-sama. Tun da aka kawo shi ban taɓa ganin ya saki sandar nan ba, ko barci yake yana riƙe da ita. Na tsuguna na daɗe ina kallonsa. Abin da ya zo min a rai ba wani dogon tunani ba ne. Na ga dai in na cika wa abokina alkawari, gawa zan miƙa masa, gawar wani abu da irinsa ya kusa ƙarewa a duniya, kuma a ɗakina zai mutu ina kallo. Hular bafatake tana iya jira shekara huɗu. Wannan ko kwana huɗu ba shi da su.

Na samo kwalin takalmi na huda shi, na shimfiɗa tawul, matata ta ɗauke shi ta sa a ciki. Sannan na shiga ɗaki na sa farar shaddata ta Juma'a da hular da ta fi kowacce shan ƙaro. Na fito da fasfo ɗina da takardun gida na ajiye a kan tebur, na fara yi mata bayanin inda komai yake, da wanda za ta kira in ta ji shiru. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, gidan dabbobi za ka ko fagen fama? In sun tsare ka zan kawo maka fura." Amma da na kai ƙofa sai ta riƙo hannun rigata ta ce, "Allah ya tsare. Daidai ka yi."

A cikin jirgin ƙasa na ɗora kwalin a cinya, na rufe shi da hannu biyu. Duk ɗan sandan da na hango sai in ji kamar da ni yake. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaya ko kyanwa ce, na gyaɗa kai kawai, ƙarya ta biyu ke nan a sati ɗaya.

Da na isa gidan dabbobin, matar da ke kan teburin karɓa ta buɗe kwalin tana murmushinta na aiki. Tana ganin abin da ke ciki murmushin ya ɗauke. Ta rufe a hankali, ta rage hasken fitilar kanta, ta ɗaga waya. Na ce a raina, to, ga 'yan sanda nan. Sai ga wata likitar dabbobi ta fito da sauri ta karɓi kwalin ta shige ciki da shi. Aka miƙo min fom. Na cike sunana da adireshina, na zo wurin da aka ce a ina ka samo shi, na tsaya.

Na ce wa matar, "Ajiya aka ba ni. Mai shi mutumin kirki ne, bai san abin da ya saya ba. Sunansa kuwa ba zan faɗa ba, ko da za ku tsare ni a nan." Har na gyara tsayuwa na ɗaga haɓa.

Ta ce, "Ba wanda zai tsare ka. Rubuta abin da ka faɗa min ɗin, ka sa hannu a ƙasa."

Shi ke nan fa. Duk shaddar nan da wasiyyar da na bari a gida, a banza.

Can likitar ta fito ta tambaye ni me nake ba shi. Na laluba aljihu na fito da ƙullin ƙaro a leda, wanda na taho da shi ko zai ji yunwa a hanya. Ta karɓa ta jujjuya, ta dube ni, ta ce ai irinsa suke odar sa daga nesa don ciyar da waɗannan dabbobi, wa ya koya min? Na ce ba wanda ya koya min, shi ya nuna min da kansa, ni hula nake wankewa da shi. Ta sa na maimaita, ta yi dariya har da dafa bango. Sannan ta gaya min gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Ta ce ƙila ya rayu, ƙila ba zai rayu ba, amma da na ƙara kwana biyu da babu ma abin da za a gwada. Kuma ko ya rayu ba zai taɓa komawa dajinsu ba, domin ba shi da haƙoran da zai ɓare itace ya ci.

A bakin titi na tsaya na tura wa abokina saƙo. Na ce na kai shi, yana hannun likita, ban ambaci sunanka ba kuma ba zan ambata ba, ka yafe min. Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba, ranar ko kashegari ko satin da ya biyo. Wasu jami'an kula da namun daji sun kira ni sau ɗaya suka yi min tambayoyi, na maimaita musu abin da na rubuta, suka yi godiya. Daga nan ban sake jin su ba.

Abokina ya dawo lafiya, ba wanda ya tare shi a filin jirgi. Da la'asar na hau sama na yi sallama. Ya buɗe, ya ba ni wuri. Na yi masa ta'aziyya tun daga farko yadda ake yi, muka shafa fatiha, na tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Muka gama gaisuwa. Na ce, "Ɗan Zango, na ci amanarka. Ba ni da abin cewa."

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya dubi kafet ya ce, "Ka san me ya sa na saye shi? Shekara tara ina buɗe ƙofar nan in na tashi aiki. Ba mai cewa sannu da zuwa, ba mai ko motsi. Shi kaɗai ne in na shigo yake juyowa ya dube ni."

Na rasa inda zan sa fuskata. Hawa biyu ne tsakaninmu. Shekarun nan duka ina tsokanarsa a kan Hausarsa, ina karɓar hularsa a bakin ƙofa, ban taɓa tambayar kaina wa yake tararwa in ya hau sama ba.

Da zan tafi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yana ci?"

Na ce likitar ta kira shekaranjiya, sun cire guntayen haƙoran, kumburin ya sauka, yana ci. Za su kai shi wani wuri da ake kula da irinsu a ɗaki mai duhu, akwai 'yan uwansa a can. Ya ce, "Alhamdulillahi."

Tun daga ranar matata ta sa doka, duk Juma'a da kwanonsa a gidanmu, in bai sauko ba in hau da shi. Da farko sai na hau. Daga baya ya fara saukowa. Takardunsa sun fito, iyalinsa sun iso, yanzu suna unguwar Stapleton, ɗansa na fari har ya fi ni tsawo. Muna gaisawa, muna tsiya, in ka gan mu ba za ka ce wani abu ya taɓa shiga tsakaninmu ba.

Abin da na ɗauka daga ciki ba shi da yawa. A da ina ganin kamar ƙarewar wata halitta a wani tsibiri can ƙarshen duniya labarin Turawan talabijin ne, ashe tana iya biyowa ta cikin wayata, ta cikin dariyata, har ta kwana a ɗakin huluna. Mai kamowa yana kamowa ne don akwai mai saye, mai saye kuma a bidiyon da ni da ku muke turawa ya fara gani. Saboda haka ɗan'uwana mai alamar dariya biyar, ba fushi na yi da kai ba, ni ma daga nan na fito. Ka dai daina turawa.

Kuma in za a maimaita, zan sake ɗaukar kwalin nan in hau jirgi, ba na ko shakka. Amma ba zan ce muku kyauta na sha ba. Bara abokina ya tashi kai iyalinsa gida hutu. Yana da motarsa, yana da akwatin takardunsa da ba ya so a bari a gidan da babu kowa. Ya zo har falona ya yi min sallama, muka ci abinci, muka yi dariya, na raka shi lifta. Sai daga baya na ji a masallaci cewa makullan da akwatin wurin wani maƙwabcinsa ya bar su, mutumin da bai fi shekara biyu da saninsa ba.

Ban ce masa komai ba, shi ma bai ce min ba. Ya yafe min, na tabbata da wannan. Amma tun daga waccan Laraba, ko allura bai sake ba ni ajiya ba.